Unguwar da Hassi Ta Kafa

A tsohuwar unguwarmu ta Maginan Tukwane, bakin gulbi a ƙasar Shinkafi, da an yi sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhun kakarmu Inna Tumba. Tana gasa mana dankali a toka, muna jin gaɓa tana zubewa cikin ruwa, tim, kamar an yar da buhu.

"Wagga ba tatsuniya ba ce, takwara," haka take ce mini, don sunanta na ci. "Tushenku za ni gaya muku."

Ta ce kakar kakarta Hassi ce ta fara zama a nan. Yunwa ta koro ta daga wajen Katuru, tana jan mijinta makaho. Jakinsu ya mutu a bakin ruwa. Garin haƙa ramin da za ta rufe jakin ta tarar da yumɓu mai laushi. Ta gina tukwane uku, ta musanya su da gero. Masunta suka zauna kusa da ita, marina suka biyo.

Damina ta biyu ruwa ya cinye bukkarta. Ta goya mijin ta hau tudu, ta sake gini.

"Haka munka gada," in ji Inna. "In gulbi ya matso, mu ja baya."

Na ce, "In bayan ya ƙare fa?"

Ta daɗe tana juya dankalin da ya riga ya gasu.

Ina makarantar horon malamai a Ƙaura Namoda lokacin da bayan namu ya ƙare. Kwalta da shaguna sun tokare mu. Dattawa suka kai kuka, aka zo aka duba, aka tafi. Muka jera buhunan yashi, ruwa ya kwashe su a wuni ɗaya. Ramukan marina suka tafi, sai masallaci, sai ɗakin Inna. Kawuna ya ɗauke ta zuwa gidansa a Gusau. Har ta rasu ba ta ƙara ba kowa labari ba.

Da ina ɗauka darasin shi ne haƙuri yana isa. Yanzu na gane Hassi tana da haƙuri, amma tana da fili kuma.

Bara na kai ɗiyata wurin. Ta ce, "Mama, ina gidan naku?" Na ɗaga hannu zan nuna mata, na rasa ko wane ɓangaren ruwan ne.