Mai kokon da kawuna ya sa a littafinsa

Shekarun baya kaɗan, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, sai kawuna ya ce in riƙa zuwa gidansa a unguwar Kasalgu ina buga masa littafi a kwamfuta. Tsohon soja ne, injiniya. A bakin aiki aka koya masa gano gubar nukiliya, ya kuma je kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje. Da ya yi ritaya sai ya koma rubuta labaran 'yan ta'adda masu neman tayar da bam ɗin nukiliya. Hannunsa na rawa, don haka shi ke faɗa, ni ke bugawa.

Da farko daɗi nake ji. Ni da ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi salati, wai ga ni ina gyara wa 'yan ta'adda waƙafi.

Ashe kawu ba ya rubuta wurin da bai taka da ƙafarsa ba. Ya ce haka aka horar da su, sai ka san ƙasa kake magana a kanta. Saboda haka bai kai bam ɗinsa wata duniya ba, garinmu Tamale ya kawo shi, a cikin motar albasa. Ya shimfiɗa taswira a tabarma, ya kifa kofin shayi a tsakiyar gari, ya zagaye bakinsa da biro. Ya ce duk wanda ke ciki ba zai rayu ba. Na leƙa, sai ga unguwarmu Sakasaka a ciki.

Ranar da muka kai babin fashewar, ya lumshe ido yana faɗa a hankali. Wata mai koko ce a bakin titi, kusa da mai facin taya, ta ɗaga ludayi tana yi wa ɗan makaranta faɗa don bai gaishe ta ba. Sai haske. Ko ƙarar ba ta ji ba.

Na dakatar da bugawa.

"Kawu, wannan ai Mma ce, mahaifiyata."

"Buga, 'yata."

"Ƙanwarka ce fa, da ranta da lafiyarta. Ana yi wa mai rai irin wannan baki?"

"Ban ambaci sunanta ba."

"Kowa a Sakasaka zai gane ta. Don Allah ka matsar da kofin nan."

Sai ya ce, "To, na ji. Ina zan kai shi? Unguwar Choggu? Can ma akwai mai koko. Zaɓo mini uwar da zan sa a madadin taki."

Na lissafo unguwanni a raina, ko'ina akwai uwar wani.

Ya ce, "Inda na je aiki, gawar da ban sani ba lamba ce a rahoto. In ban sa wadda zan yi wa kuka ba, mai karatu ma ba zai yi kuka ba."

Na buga babin, hawaye na ɗiga a kan madannai. Da na koma gida na tarar da mahaifiyata tana wankin tukunya, na rungume ta ta baya. Ta ce, "Ke lafiya? Sake ni, hannuna duk toka."

Littafin ya fito, mahaifiyata na nan tana sayar da kokonta. Amma har yau ban koma daidai ba. In na ji a rediyo bam ya tashi a wata ƙasa, bakina kan fara cewa alhamdu lillahi ba nan ba ne. Sai maganar ta maƙale a rabi, don na san wani ne ya zaɓi inda za a kifa kofin, kuma akwai wata yarinya can da ba a tambaye ta ba.