Kwanon da wuta ba ta ci

Jiya da hantsi magina suka fara sauke rufin wani tsohon shago a bayan gidanmu. Falle ɗaya ya suɓuce musu ya faɗi, sai na ji wata ƙara da na daɗe ban ji ba, busasshiya, kamar an fasa babban kasko. Na ajiye tsintsiya na tsaya. Kai mai karatu, wataƙila ba ka san irin wannan kwano ba. Ba na ƙarfe ba ne. Ruwan toka ne, mai kauri, kamar siminti da aka lanƙwasa, kuma in ka duba bakin inda ya karye za ka ga wasu 'yan zaruruwa farare kamar gashin tsohuwa.

Na fara ganinsa a Matameye ina 'yar shekara bakwai ko takwas, lokacin fari, sojoji na mulki. Damina biyu gero bai yi ba. Rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji, kajin ma daga baya suka ƙare. Ana kawo jar dawa ta agaji a manyan motoci, mahaifiyata ta wuni a layi, soja na tsaye da bulala, ta dawo da abin da bai cika ƙwarya ba.

A shekarar ne Baba ya tafi cirani Kano tun kafin a gama kaka, don babu abin girba. Wani amininsa mutumin Kurni ya samo masa aiki wajen masu rufin gidaje. Aikinsu yanka kwanon nan da zarto, su huda shi, su ɗora. Da bazara ya dawo da buhun masara, da turmin atamfa, da kuma guntattakin kwanon da aka zubar, ɗaure da igiya.

Gidanmu ya yi murna da guntattakin nan. Mahaifiyata ta kafa biyu a jikin murhu suna tare iska, wuta na lasar su kullum ba sa ko lanƙwashewa. Baba ya rufa wa akuyarmu ɗaya da ta rage inuwa da manyan. Ƙarƙashinsu sanyi, ba kamar kwanon ƙarfe ba. Maƙwabta har zuwa suke yi gani. Mu kuwa yara muka samu ƙananan. Ni da ƙanwata muka gano in ka goga shi a dutse yana ba da gari fari tas. A lokacin da babu garin gero a gidan, muna da namu. Mu niƙa, mu tankaɗe a tsumma, mu hura, mu tuƙa tuwon wasa a gwangwanin tumatir. Har yanzu ina jin ƙaiƙayinsa a maƙogwarona.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, ita kaɗai ba ta yi murna ba. Tana zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi, idonta na kan ɗanta. Tun dawowarsa yake tari da safe, in ya tofar sai ka ga kaki ruwan toka. Wata rana ya ɗauko kayan aikinsa zai ba mahaifiyata ta wanke, ya kakkaɓe rigar a tsakar gida. Ƙura ta tashi fara a cikin hasken rana, ta ƙi sauka. Kaka ta ajiye mazari.

"Wannan kake shaƙa a can?"

"Inna, ƙura ce kawai. Kowa haka yake aiki, mu sha madara ta wanke."

Ta miƙe, ta je murhu, ta nuna guntun da ke jikin wuta. "Wata biyu ke nan wuta na cin abin nan, ta kasa. Shi ne kake zuba wa ƙirjinka, ka ce madara za ta wanke?"

Baba ya yi dariya, amma ita ba ta yi ba. A ranar ta kama mu muna niƙa a bayan rumbu, fuskokinmu fari fat. Ba ta doke mu ba. Ta ja mu bakin tulu, ta wanke mana fuska da hanci da ruwan da ake tattali kamar mai. Sannan ta sa Baba ya kwashe guntattakin duka, har na inuwar akuya, ya zuba a wani rami can bayan gari, ya rufe da ƙasa. Ta ce in ya koma aikin nan ba da yawunta ba.

Magana ce mai nauyi a shekarar yunwa. Mahaifiyata ta yi kwana uku ba ta gaishe da surukarta da sakin fuska ba. Da aminin Baba ya zo ɗaukarsa bayan damina, ya durƙusa gaban Kaka yana roƙo.

"Inna, ki duba yaran nan. Aiki irin wannan ba a samunsa sau biyu."

"Su nake dubawa," in ji ta, ta ci gaba da kaɗinta.

Baba ya tafi Katsina ya yi ga-ruwa. Kafaɗarsa ta yi kanta, masarar da yake kawowa ta ragu, mun ci tafasa da zogale har muka gaji. Ni kaina na ji haushin Kaka, don ta raba ni da tuwon wasana kuma ta rage mana na gaske. Amininsa ya ci gaba da aikin rufi shekaru da yawa, ya gina ɗakin siminti, ya je Makka, ya zama Alhaji.

Kaka ta rasu, na yi aure, na koma Damagaram. Sai bayan 'ya'yana sun girma muka ji Alhajin Kurni ba lafiya. Na raka Baba dubiya. Mun same shi zaune an tokare shi da matasai, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Kalma uku ba ya haɗawa sai ya huta. Ɗansa ya ce likita ya tambayi aikin da ya taɓa yi, ya ce ƙurar kwanon ce. Amiyant sunanta da Faransanci, 'yan Najeriya na cewa asbestos. Zarenta ba ya narkewa, yana maƙalewa a huhu ya yi shiru shekaru masu yawa kafin ya tashi. Alhajin bai kai damina ba ya cika.

A motar dawowa fuskar ƙanwata ta ranar niƙan nan nake gani, fara fat. Na matsa wa Baba har ya yarda muka je asibiti mu uku da ƙanwata, aka ɗauki hoton ƙirjinmu. Likitan ya ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na Baba.

"Baba, shekara nawa ka yi a aikin?"

"Rani ɗaya."

"Wa ya hana ka komawa?"

"Mahaifiyata."

"Allah ya jiƙanta," in ji shi. Ya ce bai ga komai ba a cikinmu duka, mu dai riƙa zuwa ana dubawa, kada kowa ya kusanci taba. A bakin ƙofa ƙanwata ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Baba ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hularsa.

Yanzu rufi ya canza, na ƙarfe ake yi mai launi, 'ya'yana ba su san wancan ba. Amma tsofaffin suna nan a kan shaguna da azuzuwa, kuma duk inda na ga ana sauke su sai na sa baki, in ce a jiƙa da ruwa, kada a fasa, a rufe hanci, a kori yara. Wasu su yi dariya, wasu su ji. Baba kuwa yana Matameye, gemu ya yi fari. Bana da shuka na bi shi gona, ya sa sungumi a kafaɗa yana ta ba ni labari, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Ni ce na ce ya jira ni in huta.