Nonon Inna Dije

Ban taɓa mantawa da ranar da na tarar da Inna Dije da sirinji a hannu ba. Lokacin ina ƙaramar nas a ɗakin waɗanda ciwo ya tsananta, a wani asibiti a Dutse.

Mijinta, Baffa Jauro, makiyayi ne daga wajen Miga. Cuta ta shiga jininsa, ko haɗiya ba ya iyawa, aka zura masa roba ta hanci zuwa ciki. Da ya ɗan farfaɗo, likita ya tsayar da allura ya koma ƙwaya. Mu niƙa, mu dama da ruwa, mu tura ta robar. Ku sababbin ma'aikatan jinya ku riƙe wannan: ba duk maganin da ya shiga ciki ne ke kaiwa jini ba. Hanjin mai jin jiki kasala yake yi, kuma irin wannan ƙwaya in ta haɗu da nono ko kanwa, ɗaurewa take, ta wuce a banza.

Kwana biyu zazzaɓi ya dawo, Baffa ya daina gane mutane. Hankalina ya tashi, don ni ke ba shi maganin.

Ran nan na ba shi na safe na fita, sai na dawo ɗaukar birona. Ga Inna tana tura masa kindirmo ta robar, yadda ta ga muna yi.

"Subhanallahi! Inna, me kike yi?"

"'Yata, ƙwayar nan ɗaci gare ta. Tun da aka kai ni ɗakinsa bai taɓa shan magani ban bi masa da nono ba."

Na fasa faɗan da na kwaso. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Na gaya wa likita, ya mayar da Baffa kan allura nan take. Da Inna ta gane, ta rushe da kuka, wai da hannunta za ta kashe shi. Na ce, "Laifinmu ne da ba mu gaya miki ba." Da aka koma ƙwaya, muka yi yarjejeniya, tunda ba ta san agogo ba: magani da asuba da magariba, nononta da azahar.

Tun daga nan nake tambayar mai jinya abin da yake ba wa nasa, kafin in niƙa komai.

Ranar sallama Baffa ya fita da ƙafarsa. Inna ta miƙo min ƙwaryar kindirmo, sai kuma ta janye.

"Tsaya tukuna, 'yata. Ba ki dai sha ƙwaya ba ko?"