Doguwar Wayar Injiniya

A layin masu gyara kowa Injiniya yake ce masa, duk da cewa babu makarantar da ta taɓa ba shi takarda. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin. Da aka shiga yin kayan da ba sa gyaruwa, sai ya koya wa kansa rubuta umarni a kwamfuta yana ɗura wa ƙananan na'urori: allon farashi na gidan mai, allon kiran layi na asibiti. Shagonsa yana ƙofar gida, ɗakin matarsa yana can ƙurya, kuma shekara da shekaru muryarta ce ke haɗa wuraren biyu.

"Injiniya! Abinci zai huce. Ko shi ma sai ka auna shi da mita?"

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya tafi da maganar, ya bar mata hannun hagu. Yayarta ta dawo gidan don jinya, amma aikin gida ba ya barin mutum ya tare a bakin gado. Injiniya ya yi abin da ya iya. Ya haɗa ɗan akwati mai maɓallai, da 'yar ƙwaƙwalwar na'ura a ciki, ya ajiye kusa da hannunta, ya ja waya ta bi bango har shago, inda ya kafa ƙaramin allo mai layi biyu. Ta danna wannan, allo ya rubuta RUWA, wancan, MAGANI, na gefe, JUYA NI. Bai sa maɓallin kiran kansa ba. A lissafinsa wannan ba ya cikin buƙatun majinyaci.

A kan tebur, da guntuwar waya, abin ya yi kyau kamar a kai kasuwa. Da aka sa doguwar, allo ya haukace: baƙaƙen dabbare, rabin harafi, alamar tambaya. Tunda ba ya gane abin da take so, dole ya ajiye aiki ya shiga da kansa. Yakan ba ta ruwan, ya zauna a gefen gado da mita a cinya, yana yi mata bayani.

"Ranki ya daɗe, laifin tsawon waya ne. Saƙo yana isa a gajiye, allo kuma ba shi da haƙuri, yana karantawa kafin harafi ya zauna."

Sai ta yi dariya da rabin fuskar da ke motsi, ta riƙe masa gefen riga.

Da yake gwani ne, ya gano maganin. Ya rage saurin aike, ya sa na'urar ta riƙa ɗan jira bayan kowane harafi. Ya lura allon yana rikicewa idan maƙwabcinsa mai walda ya kunna inji, sai ya murɗe wayoyin bibbiyu, ya ƙara umarnin da zai riƙa wartsakar da allon. Rubutu ya fito tas. Daga ranar, in allo ya ce RUWA, ko kai ba ya ɗagawa daga dalmar da yake narkarwa.

"Yaya! Ruwa!"

Bai jima yana murna ba shirmen ya dawo. Ya bi umarninsa layi-layi, bai ga kuskure ba. Ya zargi mai walda, har suka daina gaisawa. Ya shiga ɗaki ya zauna a gefen gado, ya buɗe akwati, ya tarar waya ɗaya ta zare. Ya mayar. Washegari ta sake zarewa. Haka ya yi ta zirga-zirga, kullum yana ƙorafi, matar kuwa ta ɗan murmure a kwanakin, har abinci take ci sosai.

"Yaya, don Allah in za ki yi shara ki riƙa kula da wayar nan."

"To, Injiniya. Ni da tsintsiyata mun tuba," in ji Yaya. "Amma da ka bar ta haka. Ƙafarka ba ta ƙare ba."

"Aikin da ba a gama ba ai ba aiki ba ne."

Ya narka dalma ya kama kowace waya, ya malale wurin da gam, ya ɗaure murfin da kusoshi. Matar tana kallonsa har ya gama. Ya ja wayar da ƙarfi a gabanta don ta ga ingancin aiki.

Allon bai sake kuskure ba. Sai dai kiran ya riƙa raguwa: yau RUWA da MAGANI, gobe MAGANI kaɗai, jibi shiru. Ya gaya wa mai walda, da suka shirya, cewa jiki da sauƙi, don buƙatunta sun ragu. Wata rana da hantsi, allo yana nan fes babu ko ɗigo, ya ji kukan Yaya daga ƙurya.

Bayan an watse daga zaman makoki, Yaya ta haɗa kayanta. Ta tsaya a ƙofar shago ta miƙa masa akwatin, ta nuna masa gindin wayar. Gam ɗin duk ya karce, an ɗan ɓantare gefensa, amma bai saki ba.

"Tsintsiyata dai ba ta da farce," ta ce. "Aikinka ya yi kyau, Injiniya. Ƙanwata ta gwada zare ta, ta kasa."

Har yau allon yana kan tebur a kunne. Wayar tana bin bango zuwa ɗakin, bakinta a sake, ba a haɗe da komai ba. Irin wannan waya kuwa duk wata hayaniyar lantarki kwasa take yi. Da mai walda ya kunna inji, sai dabbare da alamar tambaya su cika allon. Injiniya ya san dalili sarai, ya kuma san cire wayar kawai zai yi a huta.

"Injiniya, allonka ya lalace," masu kawo gyara sukan ce.

"Na gani," yakan ce. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce su ɗan jira shi, ya shiga ciki.