Kifayen da Suka Biyo Kaka

Ƙamshin ne ya fara iso ni kafin in ga komai. Ƙamshin baƙar ƙasa da ruwa ya taɓa, mai nauyi, haɗe da ɗan warin ciyawar da ta ruɓe a tabki. Ina ɗaki ina gugar kayan makaranta ya shigo ta taga. Da na fito tsakar gida sai na tarar da Kaka, mahaifiyar Babana, zaune a bakin ƙofarta da tsohuwar robar wanki a gabanta. Wasu dunƙulen ƙasa ne a ciki, tana yayyafa musu ruwa da yatsunta, tana sunkuyawa tana shaƙa.

Firki ne, baƙar ƙasar nan mai danƙo ta wajen tabkin Chadi, wadda take tsattsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Tun da rashin zaman lafiya ya taso Kaka daga ƙauyensu ya kawo ta gidanmu na unguwar Maisandari, ba ta yi ƙorafin komai ba. Ta dai rage ci, ta rage magana, har muryarta ta fara zama baƙuwa a gidan. Abu ɗaya ta taɓa nema wajen Baba, wanda yake sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road: in an samu direban da zai bi ta kusa da garinsu, a haƙo mata ƙasar kududdufin da ke bayan gidanta.

"Iya, mutane na aiken kifi, ke kina aiken ƙasa?" in ji Baba.

"Kai dai ka faɗa masa ya haƙo ta ciki. Ta sama rana ta cinye ƙamshinta."

A ƙarshen bazara ƙasar ta iso, ƙulle cikin leda, tsakanin kwalayen banda, da sauran danshinta.

Da la'asar ɗin ranar da na ji ƙamshin ne hadari ya haɗo ta gabas, ruwan farko na shekarar ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga kwashe shanya, ni na kama hannun Kaka na shigar da ita ɗaki, aka manta da robar a waje. Kafin a ɗauke ruwan ta cika taf, dunƙulen sun narke sun zama laka. Kaka ta leƙo ta gani, ta koma ta kwanta ta juya fuskarta bango.

Washegari na je in tsiyaye ruwan, ko a ceci ƙasar. Ya kwanta, ya yi garau. Sai na ga wasu ƙananan abubuwa kamar gashin ido suna motsi a cikinsa.

"Kaka, ruwanki ya yi tsutsa."

Ta fito a hankali, ta durƙusa, ta daɗe tana kallo. Ta saba kirana fero, wato yarinya da Kanuri.

"Fero, makarantar nan taku, an ce muku tsutsa tana da ido?"

Na ƙara dubawa. Kowanne yana ɗauke da ido biyu masu ƙyalli, sun kusa fin jikinsa girma. Kaka ta soma magana da Kanuri, da sauri, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba tun zuwanta. Ta ce kifin kududdufinsu ne. Kowace shekara kududdufin yana bushewa har yara su yi wasa a cikinsa, babu kogin da yake shigarsa, amma ruwan farko na sauka sai ga su. Daga sama suke zuwa, cikin hadari, haka ta ji wajen kakarta.

"Sun san inda nake," ta ce. "Sun biyo ni."

Da Baba ya dawo kasuwa muka nuna masa. Ya san tarwaɗa, ya san karfasa da ragon ruwa ko da sun ƙone a wuta, amma wannan ya ce ba na kasuwa ba ne. Na tambaye shi ko daga cikin ƙasar suka fito. Ya girgiza kai.

"Gaiwa ce kaɗai take kwana a ƙasa, ita kuwa da girmanta. Da tana cikin ledar nan da mun gan ta. Mu ma muna yara an ce mana ruwan sama ke kawo su."

A raina ban gamsu ba, amma ban ja maganar ba, domin a ranar Kaka ta cinye abincinta har ta nemi ƙari. Tun daga nan na san aikina: in dai kifayen nan suna raye, Kaka tana tare da mu.

Rainonsu ya ba mu wuya. Da farko na barbaɗa musu garin banda, ruwan ya yi wari, wasu suka mutu. Kaka ta ce a garinsu ba mai ba su abinci, ƙananan halittun ruwa suke ci. Sai na koma ɗebo musu koren ruwan da ya taru cikin wata tsohuwar taya a bayan kicin. Da suka ɗan tasa, tsutsar sauro suka fi so. Kullum kafin in tafi makaranta ina tsugune bakin tayar da tsohon ɗankwali, ina tacewa.

"Unguwa na neman maganin sauro, mu muna kiwonsa," in ji Mama. "In zazzaɓi ya kama ku, kifin ya kai ku asibiti."

"Bar ta," in ji Kaka. "Ke ba ki taɓa yin baƙi daga nesa ba."

Rana na ɗagawa ruwan robar yakan yi ɗumi kamar na wanka, sai mu ja ta ƙarƙashin darbejiya, Kaka ta rufe rabinta da faifai. Kajin maƙwabta suka gano wurin, muka yanko tsohon gidan sauro muka ɗaure bakin robar. Ruwan burtsatse kuwa Kaka ta hana a zuba musu. Na sama kawai, wanda muke tarawa a randa. Lakar ma ta hana a taɓa, ta ce shimfiɗarsu ce.

Girmansu ya ba ni mamaki. Kafin damina ta yi tsakiya sun kai tsawon ɗan yatsana, kuma a nan suka tsaya. Matan suka zauna da launin toka. Mazan kuwa, wata safiya na ɗaga faifan na ga kamar an zuba musu lalle cikin barci: wutsiya ja jawur, jiki shuɗi-shuɗi da jan zare ya zagaye kowane ɓawo, kamar aikin hular da aka daɗe ana yi. Na tsaya ina kallo har na makara.

Masifaffu ne. Namiji yakan buɗe fukafukansa ya kori ɗan'uwansa, sannan ya bi mace ya danna ta cikin laka, su yi ta karkarwa, ƙura ta tashi a ruwan. Mu duka mun ɗauka cin zali ne.

"Kai, mara kunya, bar ta ta sha iska!" Kaka takan ce, tana buga gefen robar. "Halin kakanki sak, fero. Kwalliya da faɗa."

A bakin robar nan na san kakan nawa, wanda ya rasu kafin a haife ni. A nan na ji yadda ake dashen masakwa, dawar rani, in ruwa ya janye, mutum ɗaya na huda ƙasa da sanda, ɗaya na bi da tsiro da ɗan ruwa a ƙwarya. Na ji sunayen bishiyoyin bakin kududdufin, da wadda aka ɗaura aurenta a ƙarƙashinta. Labari ya kai unguwar Gomari, inda wasu matan garinsu suke zaune. Suka yi hayar keke mai ƙafa uku suka zo. "Wushe, wushe," ana ta gaisuwa, sannan suka zagaye robar. Ɗaya ta ja gyalenta ta rufe fuska. Ban taɓa zuwa garin ba, amma a yammacin nan na ji kewarsa kamar ni aka raba da shi.

Da damina ta zo ƙarshe, kifayen suka fara canzawa. Jan ya koɗe, bayansu ya lanƙwashe kamar na tsofaffi, suka daina bin tsutsa. Na ƙara ruwa, na canza inuwa, na tace musu abinci mafi ƙanana. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa tsamo su da cokali. Ranar da na ƙarshe ya juya cikinsa sama, na kasa shiga ɗakin Kaka, ita ta fito ta same ni.

"A can in ruwa ya ƙafe suke tafiya," ta ce. "Nan ga ruwa, amma sun tafi. To, gaisuwa suka zo. Baɗi za su dawo."

Ta sa na tsiyaye ruwan a hankali. Muka shanya lakar a inuwa har ta daskare ta tsattsage, ta mayar da ita cikin leda, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ta ce wannan karon ruwan sama ba zai sake ɓata mata ita ba. Wani lokaci takan jawo ta, ta ɗiga mata ruwa kaɗan, ta shaƙa, ta ƙulle.

Duk ranin nan maganar dawowarsu ce ta riƙe ta. Hadarin farko na haɗowa ta sa na wanke robar tas, na ajiye ta a tsakiyar gida, inda babu abin da ya tsare ta daga sama. Aka yi ruwa, ta cika. Da safe na duba.

"Sun zo?"

"Tukuna, Kaka."

Haka muka yi ta yi. Ta ce ko darbejiya ce take tare su, Baba ya hau tsani ya ɗora robar a kan rufin kicin. Ta ce ko sabulu ne ya kore su, na wanke da toka. Tsutsar sauro kawai muke samu. Na fara jin tsoron safiyar bayan ruwa, saboda tambayar nan da ke jirana a bakin ƙofa. Can wajen ƙarshe ta daina tambaya, sai dai ta dubi fuskata.

"Ko sun je can ne, sun tarar ba kowa," ta ce wata rana.

Ta koma barin abinci a kwano. Ta rasu lokacin da a garinsu ake dashen masakwa. Da Mama ta zo gyara ɗakin ta ga ledar, ba wanda ya iya kai ta bola. Baba ya marmashe ƙasar a gindin darbejiya. Daga baya muka bar gidan.

Sai da na shiga jami'a na ba wata ƙawata labarin, 'yar kudancin Borno da ke karatun halittun ruwa. Ta san kifin, ta ce a karatunsu kilifish ake kiransa. Ba ya wuce damina ɗaya ko da ruwa bai ƙafe ba. Dannawar nan da namiji yake yi wa mace cikin laka, ƙwai suke binnewa. Ƙwan yana kwana cikin busasshiyar ƙasa rani guda, yayyafi ba ya tashinsa, sai ruwa ya rufe shi gaba ɗaya. Duk daminar nan da muke kallon sama, suna cikin leda a ƙarƙashin gadon Kaka.