Honorine Ta Je Ganin Mijinta

Honorine mai girki ce a wani gidan abinci a bakin kogin Marne, mijinta Firmin kuwa kwale-kwale yake ba 'yan birni haya. Shekara ashirin da shida suna tare, kullum cikin faɗa, amma ba mai iya cin abinci in babu ɗayan.

Wata bazara wani mai zane ya zo daga Paris, ya zaunar da mutum goma a teburin baranda, ga soyayyen kifi ga burodi ga giya, ya ce kada kowa ya motsa. Lahadi shida a jere tana soya kifin nan, yana sandarewa a faranti. Firmin na ƙarshen tebur da malafarsa a ka, sai hura hanci yake.

"Kai tsohon banza, a kan wannan fuskar za a ɓarnatar da fenti?" in ji ta.

"Baƙin ciki ke cin ki, uwargida. Ke wa ya zana ki?"

Bayan shekara biyu ciwon ƙirji ya ɗauke Firmin, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Abin da ya fi ci mata rai, fuskarsa ta fara ɓace mata; muryar na nan daram, fuskar babu. Da ta ji an rataye zanen a wani shago a Paris, ta sa baƙar rigarta ta hau jirgin ƙasa.

Hayaƙin murhu ya daɗe da cinye mata ido, sai abu na kusa take gani. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa zanen, ta lalubo malafarsa. Ƙarƙashinta ba ido ba baki, sai dangwalen ja da rawaya da shuɗi.

"Ina fuskarsa? Bai ƙarasa ba ne?"

Mai shagon ya ce, "Irin wannan zane ba a kallonsa kusa, Madam. Ja da baya taku goma, zai fito."

Ta ja. Komai ya zama hazo. Ta matso, fenti. Ta yi ta kai da komo har gwiwoyinta suka gaza, hawaye ya ƙarasa rufe ɗan abin da take gani.

Ta ce wa mai shagon, "Bawan Allah, kai kana ganinsa?"

"Sarai kuwa."

"To, taimaka ka faɗa mini kamanninsa."

Ya daɗe yana duban zanen, ya sosa ƙeya.

"Wani mutum ne dai mai malafa, Madam."