Ɗakin da Hikmat Ba Ta Buɗe Ba

Ranar Talatar nan Hikmat ta tashi da asuba kamar kullum. Ta soya wa yaranta doya, ta raka su makaranta, ta biya ta gidan mahaifinta, Malam Moshood, a Fagge, ta auna masa jini. Da hantsi tana shagonta na tukwane da kuloli a Kasuwar Sabon Gari. Da azahar ta yi cacar baki da mai kawo kaya. Bayan la'asar ta ce wa maƙwabciyar shagonta, Adaugo, kanta na sarawa. Kafin magariba ta cika a asibiti. Likita ya ce jininta ne ya hau.

Malam Moshood tsohon malamin makaranta ne, a zatonsa ya san 'yarsa ciki da waje. Mace ce da ko abinci a tsaye take ci. Da aka raba gado, wayarta ta faɗa kason mijinta, Waliu, shi kuma ya ce a goge ta a ba Ikhlas, ƙanwar marigayiyar. Malam na kwashe hotunan da ke ciki kafin a goge, ya ci karo da wani wasan waya: wata mata riƙe da fitila cikin gida mai duhu, ƙofa a kulle, wani abu na numfashi a bayanta.

Ya tafi da wayar kasuwa.

"Adaugo, yara ne suka saka wannan?"

"Wane yara, Baba! Na Anti ne. Daga Fagge zuwa Bata a adaidaita sahu, ɗaki guda take ci. In an yi cunkoso, biyu."

"Hikmat? Wadda kyankyaso ke hawar da ita kan kujera?"

"Ita fa. Ta ce fim sai mai lokaci. Wannan kuwa, mai saye na shigowa ta danna, dodon ya tsaya cak har ta gama ciniki."

Malam ya rasa inda zai ajiye maganar. Hutu take nema a nan, ko me? Ya roƙi Waliu ya ɗan jinkirta goge wayar. Kullum bayan azahar sai ya gwada, dodon ya cafke shi, wasan ya mayar da shi daidai inda Hikmat ta tsaya. A hankali ya gano yadda ake jera hotunan bangon ɗakin wasan mukulli ya faɗo. Ya buga wa Adaugo.

"Saura in murɗa, 'yata."

"To Baba, in ka buɗe ka wuce ke nan. Ba a komawa inda Anti ta tsaya."

Ya daɗe da yatsa a sama. Ƙarasa mata zai yi, ko share mata sawu? Bai sani ba, har yau kuma bai sani ba.

Atamfofinta an raba wa dangi. Shagon yana hannun yayar Waliu. Malam ya nemi izinin surukinsa, ya ba Ikhlas tasa wayar, ya riƙe ta Hikmat. Yana sa mata caji, yana amsa kira da ita. Mukullin yana hannun matar mai fitila, bai murɗa ba.